Katin Rigakafi da Rajistar Aji

Jawabin da aka gabatar a taron Ƙungiyar Malamai ta Najeriya, reshen Gaya da Ajingi





An ɗora mini in yi magana a kan allurar rigakafin jarirai da ƙananan yara. Na san akwai wanda zai ce a ransa, me ya haɗa malamin makaranta da jariri? Yaro ba ya zuwa hannunmu sai ya kai shekara shida, ya iya tsarki, ya iya faɗin sunan mahaifinsa. Gaskiya ne. Amma yaron nan da ake kawowa aji ɗaya yana zuwa ne ɗauke da abin da aka yi masa, ko aka kasa yi masa, a watanni 15 na farkon rayuwarsa. Mu ne muke karɓar sakamakon, ko mun sani ko ba mu sani ba.

Bari in fara da abin da bai daɗe da wucewa ba. A watan Disamba 2022 aka sanar da Hukumar Daƙile Cututtuka ta Ƙasa, NCDC, cewa ana zargin ɓullar mashaƙo a jihohin Kano da Legas. Kafin farkon Oktoba 2023, waɗanda aka tabbatar sun kamu a faɗin ƙasar nan sun haura 8,000, kuma fiye da 7,000 daga cikinsu 'yan Jihar Kano ne. Kusan uku cikin huɗu na waɗanda suka kamu yara ne 'yan shekara 1 zuwa 14, wato ɗalibanmu da ƙannensu. Mafi yawansu kuma ba su kammala rigakafi ba, ko ma ba a taɓa yi musu ba.

Mashaƙo yana farawa ne kamar mura da ciwon maƙogwaro. Bayan kwana biyu ko uku sai wata yana mai kauri, launin toka, ta shimfiɗu a maƙoshi, wuya ya kumbura, numfashi ya fara gagara. Ko yaro ya tsallake wannan, ƙwayar cutar tana zuba dafi a cikin jini wanda kan taɓa zuciya da jijiyoyi, har makonni bayan an zaci an warke. Tana yaɗuwa ta tari da atishawa. To ku duba ajinku: yara nawa ne a kan benci ɗaya, ko a kan tabarma ɗaya? Randa nawa ce, moɗa nawa ce? Cuta irin wannan ba ta da wurin da ya fi mata aji daɗi.

Abin da ya kamata mu tsaya mu yi tunani a kai shi ne, rigakafin mashaƙo ba sabon abu ba ne. Yana cikin allurar da ake yi wa jarirai kyauta a asibitocin gwamnati tun shekaru da dama. Yaya aka yi ke nan dubban yara suka kai shekarun makaranta ba tare da shi ba?

Ku lissafa da ni. Yaron da ke da shekara 5 zuwa 14 a 2023, an haife shi ne tsakanin 2009 da 2018. Waɗannan su ne shekarun da aka fi bin gida-gida ana ɗiga maganin shan-inna. Mata masu ɗauke da akwatin sanyi suna shigowa har tsakar gida, a ɗiga wa yaro a baki, a shafa masa tawada a ɗan ƙaramin yatsa, a yi rubutu da alli a jikin bango. Wani yaron an ɗiga masa sau goma, wani fiye. Da haka sai kalmar rigakafi ta koma nufin wannan ɗigon kaɗai a bakin mutane da yawa. In ka tambayi uwa ko an yi wa ɗanta rigakafi, sai ta ce, "An yi masa har mun gaji." Ba ƙarya ta yi ba. Sai dai ɗigon nan maganin shan-inna ne kurum. Ba ya hana mashaƙo, ba ya hana ƙyanda, ba ya hana tarin shiƙa. Waɗannan sai an goya yaro an kai shi inda ake allura. Binciken ƙasa da aka yi a 2016 zuwa 2017 ya nuna yaro ɗaya cikin uku ne kawai a Najeriya ya sami cikakkun allurai ukun da ke ɗauke da rigakafin mashaƙo, kuma yankinmu na Arewa maso Yamma ya fi haka ƙasa nesa ba kusa ba. Wannan ne ya sa aka ayyana dokar ta-ɓaci a kan rigakafin yau da kullum a 2017. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Bangon ya tsage tun yaran suna goye, cutar ta same su suna riƙe da fensir.

Saboda haka ina so kowane malami da ke nan ya fita da jadawalin nan a kansa, kamar yadda ya haddace jadawalin darussa. Ba shi da wuya, domin ya yi daidai da al'adarmu ta jego.

Da haihuwa, kafin a kai ga ranar suna, ana yi wa jariri allurar lamba ta tarin fuka a dantse, da ta ciwon hanta, da ɗigon shan-inna na farko. Ta ciwon hanta an fi so a yi ta cikin awa 24, domin tana tare cutar da kan wuce daga uwa zuwa ɗa. Sai mako 6, wato kwana 42. Ga alama mai sauƙi: ranar da mai jego ta gama arba'in, lokacin komawa asibiti ya yi. Fitar farko da za ta yi, kafin yawon arba'in gidajen dangi, ta zama ta asibiti. A nan ake fara allurar da ma'aikata ke kira Penta, wadda ta haɗa kariya daga cututtuka biyar a sirinji ɗaya: mashaƙo, tarin shiƙa, sarƙewar haƙora, ciwon hanta, da wata ƙwaya mai haddasa sanƙarau da ciwon huhu ga jarirai. Tare da ita akwai ta nimoniya, da ta shan-inna, da ɗigon rigakafin gudawa da aka shigar cikin jadawalin ƙasa a 2022. Ana maimaitawa a mako 10, a sake a mako 14. Daga nan sai a ba da sinadarin bitamin A a wata 6. A wata 9, lokacin rarrafe da dafa bango, sai ta ƙyanda da ta shawara da ta sanƙarau. A wata 15, yaro yana tafiya amma ba a yaye shi ba, sai ta ƙyanda ta biyu.

Me ya sa sau uku? Domin jiki ɗalibi ne. Allurar farko gabatar da darasi ce: an nuna wa garkuwar jiki kamannin abokin gaba, a raunane ko a mace, yadda ba zai iya cutarwa ba. Ta biyu bita ce, ta uku ita ce take zaunar da karatun. Babu malami a cikinmu da zai koyar da raba dogon lissafi sau ɗaya ya ce aji ya iya. Yaron da aka yi wa Penta ɗaya aka tsaya, ya shiga aji ne ya fita kafin a yi jarrabawa.

Kuma a nan ne yara da yawa suke zubewa, tsakanin allurar farko da ta uku, da kuma doguwar tazarar nan daga mako 14 zuwa wata 9. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne, a gidajenmu suke. Jariri ya yi zazzaɓi da daddare bayan allura, cinya ta kumbura, ya hana kowa barci, sai maigida ya ce ba za a sake kai shi ba. Ba wanda ya gaya masa tun farko cewa wannan zazzaɓin alama ce ta jiki yana karatunsa, kuma yakan sauka cikin kwana ɗaya ko biyu. Mai haihuwar fari ta tafi wankan gida wajen iyayenta, a ce daga Toranke zuwa Kademi, ko ta tsallaka Jigawa, aka fara allura a can, da ta dawo ɗakinta katin ya zauna a ƙarƙashin katifar kaka. Damina ta sauka, hanya ta yanke, kowa yana gona, kuɗin babur ya fi ƙarfin aljihu. Wata kuma ta yi tattaki daga ƙauye ta iso asibiti aka ce yau ba ranar allura ba ce, ta koma ba ta sake dawowa ba.

Wannan na ƙarshe yana da dalili, ko da yake ba ya rage wa uwar gajiyarta. Maganin lamba da na ƙyanda suna zuwa ne a kwalba mai ɗauke da rabon yara da yawa, kuma da zarar an haɗa su da ruwansu, in awa 6 ta wuce sai a zubar da abin da ya rage. Shi ya sa ƙananan asibitoci suke ware ranaku domin a tara yara. Haka kuma dole a adana maganin cikin sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8, tun daga ma'ajiyar jiha har zuwa cinyar jariri, abin da ya sa ake sa firji mai aiki da hasken rana a asibitocin mazaɓu. Ilimin da uwa take buƙata a nan ɗan kaɗan ne: wace rana ce ake allura a asibitin da ya fi kusa da ita? Ina tambaya, cikinmu mutum nawa ne suka san amsar game da asibitin da ke kusa da makarantarsu?

Ƙyanda kuwa mun raina ta saboda sabo. Mun ɗauke ta wata gaɓa da kowane yaro zai taka, a kulle shi a ɗaki, a hana shi iska, a jira ƙuraje su fito su bushe. Alhali tana cikin cututtukan da suka fi kowace saurin yaɗuwa a duniya. Mutum ɗaya yana iya harbin 12 zuwa 18 a cikin jama'ar da ba su da kariya, kuma ƙwayarta tana iya zama a iskar ɗaki har awa 2 bayan mai ita ya fita. Shi ya sa masana suka ce sai yara 95 cikin 100 sun sami allura biyu kafin gari ya tsira daga annobarta. Tana kisa ta hanyar ciwon huhu da gudawa, tana makantarwa, tana toshe kunne, tana jefa yaro cikin tamowa. Sannan tana goge wani ɓangare na abin da garkuwar jiki ta riga ta koya, ta bar yaro yana ta jinya iri-iri watanni bayan ƙurajen sun tafi. Haka sanƙarau: cikin waɗanda suka tsira daga gare shi, kusan ɗaya cikin biyar yakan fita da tabo na dindindin, kamar kurumta ko raunin ƙwaƙwalwa. Ya ku malamai, yaron nan da ke zaune can baya, ana kira ba ya waiwayowa, wanda muka yi wa laƙabi da daƙiƙi, a binciki tarihinsa kafin a ɗaga masa bulala.

Yanzu bari in zo ga maganar da ake yi a majalisa da bakin kasuwa, wadda in ban taɓo ta ba za ku ce na yi kwana. Mutane suna da zargi, kuma ruwa ba ya tsami banza. A 1996, lokacin babbar annobar sanƙarau da ta kashe mutum fiye da 11,000 a ƙasar nan, kamfanin Pfizer na Amurka ya gwada wani magani mai suna Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano. Yara kimanin 200 ne aka sa a gwajin, 11 suka rasu, wasu suka naƙasa. An yi shekaru ana shari'a a kan ko an nemi yardar iyaye yadda ya kamata. Kamfanin ya musanta laifi, amma a 2009 ya sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Bai kamata mu yi wa mai irin wannan tsoro dariya ba. Abin da ya kamata mu bayyana masa shi ne, Trovan maganin gwaji ne da aka ba marasa lafiya, ba rigakafi ba ne. Da yawa daga cikin alluran da ke cikin jadawalin nan ana yi wa jarirai irinsu a Makka da Alƙahira da Jakarta da Landan.

Sai kuma 2003, lokacin da aka yaɗa cewa ɗigon shan-inna yana ɗauke da abin hana haihuwa, har gwamnatin Kano ta dakatar da shi kusan shekara guda. An tura kwamitoci, an yi gwaje-gwaje, daga bisani aka kawo magani daga Indonesiya, ƙasar da ta fi kowace yawan Musulmi. A ƙarshen Yuli 2004 Gwamna Malam Ibrahim Shekarau ya sake buɗe aikin da hannunsa a Takai, nan maƙwabtanmu. Amma kafin nan cutar ta riga ta yi tafiya. Ta shiga ƙasashe kusan 20 da suka riga suka rabu da ita, ta bi ta Sudan ta kai Yaman, har ta isa ita kanta Indonesiyar a 2005. A gida kuwa, a 2006 kaɗai yara fiye da 1,100 ta shanye a Najeriya. Waɗannan yaran yanzu samari ne da 'yan mata. Wasunsu sun zauna a azuzuwanmu, wasu ba su taɓa iya zuwa ba saboda babu mai ɗauko su. Game da zargin hana haihuwa, shekaru sun riga sun ba da amsa. 'Yan matan da aka ɗiga wa a 2004 su ne matan aure a yau, kuma 'ya'yansu ne suka cika mana aji har ba wurin taka ƙafa.

Nasarar da aka samu daga baya ba a banza ta zo ba. Sarakuna sun shigo, ƙarƙashin jagorancin Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar, malamai sun yi huɗuba, masu unguwanni sun bi gida-gida. Akwai kuma waɗanda suka biya da rayukansu: ranar 8 ga Fabrairu 2013 'yan bindiga suka kashe ma'aikatan rigakafi 9 a cikin birnin Kano, Allah ya jiƙansu. Yaro na ƙarshe da asalin ƙwayar shan-inna ta kama a jihar nan a Sumaila yake, a watan Yuli 2014. Ranar 25 ga Agusta 2020 aka ayyana nahiyar Afirka ta rabu da ita. In an tambaye ku me ya sa har yanzu ake zagayawa da ɗigo, amsar ita ce akwai wani nau'i da kan ɓulla a inda yara da yawa ba su da kariya: raunanniyar ƙwayar da ke cikin ɗigon, in ta daɗe tana yawo tsakanin yaran da ba a yi wa ba, takan iya sauyawa ta yi ƙarfi. Maganinsa shi ne kada a bar mata yaran da za ta yi yawo a cikinsu.

Akwai tambayar da na fi ganin ƙarfinta, wadda magidanci kan yi: "Ɗana yana zazzaɓi na je asibiti an rubuta mini in sayo magani, amma wannan da ban nema ba ana biyo ni da shi har gida kyauta?" Wannan ƙorafi ne na gaskiya, kuma mu da muka san yadda ake jiran haƙƙi ba za mu ce ba mu fahimce shi ba. Sai dai hukuma ce ya kamata a kai wa ƙorafin, ta hannun kansila da ɗan majalisa da kwamitin lafiya na mazaɓa. Hana jariri allura ba ya taɓa kowa a ofis. Shi jaririn kaɗai yake taɓawa.

Ta fuskar addini, malamanmu sun fi ni sani, amma tarihi ya adana cewa Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, yana kan hanyar Sham ya sami labarin annoba ta ɓarke a can, ya yi shawara da sahabbai, ya juya da jama'arsa, kuma ya nuna cewa ɗaukar matakin kariya yana cikin ƙaddarar Allah. A yau ma babu maniyyacin da zai tashi zuwa aikin Hajji daga Kano ba tare da shaidar allurar sanƙarau da ta shawara ba, kuma shekara da shekaru hukumomin Saudiyya sun yi ta ɗiga wa alhazanmu maganin shan-inna a filin jirgi, tsofaffi masu furfura. Ban taɓa jin wanda ya fasa Hajji saboda haka ba. Dattawan da ke nan kuma su duba dantsensu: lambar nan ta agana ce, cutar da ta sassaƙa fuskoki ta makantar da mutane a garuruwanmu, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar da ƙarewarta a 1980. Ɗalibanmu ba su ma san sunanta ba.

To me ke hannunmu? Ba allura za mu yi ba, wannan aikin ma'aikatan lafiya ne. Abin da muke da shi wanda ba su da shi, shi ne rajista da kuma kunnen iyaye. Babu ƙauyen da ke Gafasa ko Gurduba ko Shagogo ko Gamarya da ba shi da yaro a hannun ɗayanmu, kuma kusan kowane ɗalibi yana da ƙani ko ƙanwa a goye. Lokacin ɗaukar sababbin ɗalibai, hedimasta ya nemi a zo da katin rigakafi tare da takardar haihuwa. Ina jaddadawa da babbar murya: kada a kori yaro ko a ƙi rubuta shi saboda ba shi da kati, domin mu da muke roƙon a kawo yara makaranta ba za mu ƙara wani shinge ba. A rubuta shi, a sa alama a gefen sunansa, a haɗa sunayen a miƙa wa jami'in asibitin mazaɓa. Wanda ya wuce lokaci ba a cewa ya makara. Ma'aikata sun san abin da ya dace da shekarunsa, kamar yadda aka yi wa 'yan makaranta allurar mashaƙo a 2023.

A rubuta ranar allurar asibiti mafi kusa a jikin allon sanarwa, a riƙa faɗarta a taron safe, yara su kai gida. A taron iyaye da malamai a ware minti goma a gayyato malamin asibiti, kuma a yi maganar da iyaye maza, domin a yawancin gidajenmu izinin fita da kuɗin babur a hannunsu suke. Malamai mata, ku ne kuke shiga gidan suna da gidan biki inda mu ba ma shiga. Ku tambayi mai jego katinta, ku tuna mata arba'in. Waɗanda ke koyarwa a Islamiyya da yamma su isar da saƙon can, su kuma yi wa alarammomin makarantun allo bayani cikin ladabi, domin almajiransu suna kwana a cunkushe fiye da namu. Duk yaron da ya zo da zazzaɓi da ƙuraje, ko ciwon maƙogwaro da kumburin wuya, a raba shi da sauran, a kira iyayensa, a sanar da asibiti a ranar, kada a jira a ga na biyu.

Mu kanmu kuma, kowa in ya koma gida yau ya ce a ɗauko masa katin autansa, ya duba layi-layi kamar yadda yake duba takardar jarrabawa, ya ga ko akwai gurbin da ba a cike ba. Ina roƙon shugabannin reshe su sa wannan batu cikin ajandar zama na gaba, kowace makaranta ta zo da adadin sunayen da ta miƙa wa asibiti da adadin waɗanda aka yi wa.